Yaya Habsu da Waken Baba Ilu

Shekara bakwai ke nan cif da muka rufe yayata Habsatu a maƙabartar garinmu Waca, kusa da kabarin mahaifinmu. Duk shekara in wannan lokaci ya zagayo, an gama roron wake an jera harawa bisa rumfuna, sai in ce zan rubuta wani abu a kanta, sai kuma in ajiye biro in shiga wata sabga. Bana dai na daure. Sunana Mutari, hatsi nake saye da sayarwa a Magarya, kuma karatuna a aji uku na koleji ya tsaya. Ita ce mai ilimin gidanmu. Idan na yi tuntuɓe wajen bayanin aikinta, masana su yi mini afuwa, abin da ta fahimtar da ni a tsakar gida shi kaɗai zan maimaita.

Shekara huɗu ta ba ni. Tun muna yara ba a faɗa mata magana ta haɗiye haka nan, sai ta juya ta, ta duba ƙasanta. Mahaifinmu, Malam Isufu, yakan kira ta Alƙaliya, domin in aka ce akuyar wane ce ta ci shuka, Habsu sai ta je gonar ta duba sawu kafin ta yarda. Daga lekol ɗin garinmu, wato firamare, ta tafi koleji a Magarya, ta zauna wurin goggonmu, daga nan lise, babbar sakandare, a Damagaram, sai jami'a a Yamai, har aka ba ta burs, wato tallafin karatu, ta ƙetare teku. Duk wannan bai hana ta in ta zo hutu ta ɗaura zane ta kama taɓarya ba. Ɗanwake ne abincinta, da yaji har sai hawaye sun zubo mata, tana ci tana tsokanata da “Alhajin gobe”, saboda tun ina saurayi nake cika bakin zan yi arziki. Har yau in aka ɗora tukunyar ɗanwake a gidana nakan ji kamar za ta yi sallama.

Mun daɗe ba mu san ainihin abin da take yi a can ba. Mutanen gari suna ce mata Dokta, suna kawo mata ƙorafin ciwon baya da na gwiwa, tana ba su haƙuri tana cewa ita ba ta allura. Wata rana Inna ta gaji, ta ce yau sai ta faɗa mata aikin nan da ya hana ta zama gida. Habsu ta ce akwai wata na'ura a labo ɗinsu, ɗakin binciken da take aiki, girmanta kamar firji biyu, wadda ke auna nauyin ƙwayoyin sinadari, irin ƙananan da ido ba ya gani. In an jiƙa abinci ko magani aka ba ta ɗigo, takan rarrabe abin da ke ciki ta auna kowanne, daga nauyin kuma a gane sunansa. Matsalar ita ce, abu biyu mabambanta kan zo da nauyi ɗaya, ɗaya guba, ɗaya ba ruwansa da kowa.

Sai ta yagi takarda biyu daga wani tsohon kaye nawa na rubutun makaranta. Ta dunƙule ɗaya a hannu, ta bar ɗaya a shimfiɗe, ta hau turmi ta sake su tare. Dunƙulalliyar ta faɗo nan take, shimfiɗaɗɗiyar ta yi ta lilo kafin ta sauka. Ta ce nauyinsu ɗaya, amma iska ta raba su, saboda ɗaya ta fi tare hanya. Haka sababbin na'urorin suke yi: akwai wani bututu cike da iska, ana tura ƙwayoyin ta cikinsa da ƙarfin lantarki, mai dunƙulallen jiki ta riga fita, mai faɗin jiki ta makara. Daga lokacin da kowace ta ɗauka ake lissafa wani adadi mai nuna faɗinta, wanda masu aikin ke kira CCS. Ita kuma aikinta ba gyaran na'urar ba ne. Lojisiyel take rubutawa, wato tsarin da ke cikin ordinatar, kwamfuta ke nan, mai karɓar tulin adadin da na'ura ke zubowa ya jera su ta yadda mutum zai iya karantawa.

Inna ta dubi takardun a ƙasa, ta dubi ɗiyarta, ta ce, “Yanzu ke duk shekarun nan abin da kika je koyo ke nan? Ai kowace mace mai shiƙa ta san iska na raba tsaba da ƙaiƙayi.”

Habsu ta yi dariya har ta kusa faɗowa daga turmin. Ta ce, “Wallahi gaskiyarki, Inna. Diplom ɗin ne kawai ba su ba ki ba.”

Ni abin da ya fi zauna mini shi ne wani bayani da ta yi mini daga baya, da yake ta yi shi da harshen sana'ata. Ta tambaye ni ko tiyar Guci da tiyar Magarya ɗaya ne. Na ce kowa ya san ba ɗaya ba ne, in mutum ya ce maka ya auna tiya goma, sai ka tambaye shi a wace kasuwa. Ta ce to haka adadin nan nasu yake. Wani labo da iskar azot, wato naitirojin, yake cika bututunsa, wani da heliyom, kuma ƙwaya ɗaya takan ba da adadi daban a cikin kowace. Na'urorin ma iri-iri ne, wasu sai an fara ba su sanannen abu kowace rana an daidaita ma'auninsu. Don haka adadi kaɗai, ba a faɗi iskar da aka auna shi ba, ba a faɗi yadda aka daidaita ma'auni ba, bai isa a yanke wa kowa hukunci da shi ba. Na gyaɗa kai a lokacin don in faranta mata, ban san wata rana maganar za ta biyo ta ƙofar mangazar da nake ajiye hatsi ba.

A shekarar da abin ya faru na sayi wake mai yawa bayan girbi, na cika mangaza, ina jiran ƴan kasuwar Najeriya. Kusan rabinsa daga hannun Baba Ilu na saya, wani manomi a Guci, aminin mahaifinmu tun suna samari. Duk yankin an san shi da irin wake, wani fari mai manyan ƙwaya da ya gada wurin ubansa, kuma in damina ta matso mutane har daga Mallawa da Dungas suke zuwa neman iri a wurinsa. Bai taɓa sa wa wakensa maganin kanti ba. Toka yake zubawa, da busasshen ganyen bedi, wanda ƴan'uwanmu na Kano ke kira darbejiya, ya liƙe bakin rumbu da laka. Ni kuwa da na ga ƙwari sun fara huda mini buhuna, sai na sayo wani maganin feshi a kasuwar bakin iyaka, a kwalba marar takarda, irin wanda ake fesa wa shuka a gona. Na yayyafa wa buhunan, na rufe ƙofa. Na ce wa kaina kowa haka yake yi, kuma kafin a ci ai ya fita.

Bai fita ba. Wani malamin lekol a Magarya ya sayi buhu guda don sunan ɗansa, aka yi shinkafa da wake, kafin la'asar mutane da dama suna amai da murɗar ciki. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Washegari mutumin ya tsaya a bakin mangazata, jama'a sun taru, ya tambaye ni me na sa wa waken. A nan ne na yi abin da ya sa na shekara bakwai ina ajiye biro. Na ce ni ban sa komai ba, yadda na sayo shi daga Baba Ilu na Guci haka na sayar. Magana zarar bunu ce. Kafin kasuwar Guci ta sake ci, labari ya riga ni isa can, kuma ya ƙara kiɓa a hanya. Mata suka fara kiran tsohon mai waken guba.

Habsu tana gida hutu a lokacin. Da ta ji, sai ta zo mangaza da ƴan ledoji, ta ɗebi wake daga buhunan da suka rage, ta rubuta wa kowace leda suna. Ta shiga taksi ta je Guci, ta roƙi Baba Ilu ya fasa mata bakin rumbu, ta ɗebi nasa. Ban hana ta ba, don na yi zaton maganin ya gama bin iska, warinsa ma ya daina tashi. Ta koma bakin aikinta da ledojin a cikin akwati, tare da kilishi da kuka da Inna ta ɗaure mata.

Bayan kamar wata guda ta kira ni a waya. Tana kan hanyar wani taro ne, abokin aikinta ya aiko mata da sakamakon farko, ta duba a gurguje. Ta ce ta ga alamar wani maganin ƙwari a cikin waken duka biyu, nawa da na Baba Ilu, amma kada in faɗa wa kowa domin ba ta gama bincike ba. Ni kaina na yi mamaki, don na san tsohon bai sa komai ba. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ban kai ga mayar da wayar aljihu ba na fara shela cewa Dokta ta auna a Turai, na'ura ta tabbatar gubar daga rumbun Guci ta fito. Na ɗauki sunan yayata na ɗora a kan ƙaryata, ƙaryar ta samu ƙafar tsayuwa.

Da bazara, ana dab da saukar ruwan farko, wani aiki ya kawo ta Yamai, ta ƙaraso gida na mako guda. Kwana ɗaya da isowarta, bayan azahar, ta kira ni ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gidanmu, ta buɗe ordinatar a kan tabarma. Ta ce abokin aikin nata, don fayil ɗin ya yi sauƙin aikowa, ya juya shi zuwa wani tsohon tsari wanda aka ƙirƙira tun kafin a san da bututun iska. Tsohon tsarin ba shi da gurbin ajiye lokacin da ƙwaya ta ɗauka a bututu, sai lojisiyel ɗin ya zubar da wannan layi gaba ɗaya, bai yi ko tari ba. Abin da ya iso mata nauyi ne kawai, kuma a nauyi abin da ke wakena da abin da ke waken Baba Ilu ɗaya suke. Da ta koma labo ta buɗe ainihin fayil ɗin, ta kuma auna tsantsar maganin a na'ura ɗaya, da iska ɗaya, a rana ɗaya, sai gaskiya ta fito.

Ta nuna mini wasu tuddai uku da aka zana a allon. Na tsantsar maganin da na wakena sun hau kan juna daram, kamar an ɗora kwano a kan murfinsa. Na Baba Ilu ya tsaya can gefe shi kaɗai. Ta ce kama da wane ba wane ba ne. Na tambaye ta to shi nasa mene ne, ina neman inda zan maƙale. Ta ce tana zaton daga ganyen bedin yake, amma ba ta tabbatar ba, don haka ba za ta rubuta ba. Abin da ta tabbatar shi ne ba maganin ba ne, kuma wannan ta rubuta.

Na ce, “Yaya, ai kowa yana fesawa.”

Ta ce, “Kowa yana fesawa, Mutari, amma ba kowa ne ya ɗora wa aminin ubansa ba. Ni na yi gaggawar buɗe baki kafin in gama aiki, wannan laifina ne, kuma ina jin kunyarsa. Kai ma ka san naka.”

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta je Magarya ta buga sakamakon a takarda da Faransanci, ta rubuta fassararsa da Hausa a ƙasa da hannunta, ta miƙo mini. Ta ce ba za ta shiga kasuwa ta tona ƙaninta ba. Bakin da ya faɗa shi zai janye, kuma a inda ya faɗa, kafin a yi shuka, don mutane su koma karɓar irin tsohon. Na yi mata alkawari. Sauran buhunan kuwa a ranar na sa aka kai su bayan gari, aka haƙa rami aka binne. Mutane suna yaba mini wai na yi asara don kare lafiyar jama'a. A nan na gane cewa binne buhu ashirin ya fi mini sauƙi da buɗe baki sau ɗaya.

Sauran kwanakin hutun nan a kan tabarmar ta ƙare su, ordinatar a cinya, waya ta biyo daga panon hasken rana da muka ɗora bisa soro. Inna tana mita wai an zo gida amma ba a zo ba. Gyara take wa lojisiyel ɗin. Ta ce daga yau duk adadin CCS da zai shiga, sai ya shigo da sunan iskar da aka auna shi da irin na'urar da yadda aka daidaita ta, su yi tafiya tare duk inda aka kai fayil. In kuma za a juya fayil zuwa tsarin da ba shi da gurbinsu, to tsarin ya tsaya ya faɗa wa mai aiki ƙarara abin da zai ɓata. Inda ba a auna ba, a bar gurbin a rubuce cewa ba a sani ba, kada a cika shi da sifiri don tebur ya yi kyau. Na tuna tana cewa wanda ya yi shiru a kan abin da ya zubar ya fi wanda ya yi kuskure haɗari. Da na'ura take, amma ban iya haɗa ido da ita ba. Kafin ta tafi ta zagaya dangi sallama kamar yadda ta saba, har Mallawa da Guci.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, ban je ba. Duk ranar kasuwar Guci sai in sami uzuri, yau mota ta lalace, gobe baƙi sun zo daga Kano. In ta kira, bayan gaisuwa sai ta ce, “Ka je?” In ce mako mai zuwa. Haka muka yi har aka yi girbi, aka sake wata damina. A cikin shekara ta biyu ciwo ya kama ta, irin wanda ba ya jin magani, ta ce a maido ta gida. Na yi jinyarta a asibiti a Damagaram kwana goma sha ɗaya. Mun yi hirar yarinta, ta tuna mini ranar da na faɗa rijiyar lambu ina bin ɗan tsako, mun yi dariya har nas ta leƙo. Ba ta tambaye ni ko na je ba, ko sau ɗaya. Na fi son a ce ta tambaya.

Ranar sadakar uku Baba Ilu ya zo a amalanken shanu tun daga Guci. Ya yi mana gaisuwa, ya yi kuka irin na tsofaffi, marar sauti. Ya kawo ƙwarya cike da farin waken nan nasa, ya ce a dafa a yi wa Habsu sadaka. Matan gida suka karɓa da godiya, suka shiga da ita, na ga an tura ta bayan randa an rufe da faifai. Ba wanda ya dafa. Ina tsaye ina kallo, takardar tana cikin akwatina a Magarya, na buɗe baki na ce masa Allah ya ba da lada.

Abubuwa da yawa sun canza tun daga lokacin, kuma sau da yawa nakan tambayi kaina me za ta ce. Yanzu buhu mai leda biyu a ciki ya wadata a kasuwanninmu, ka zuba wake ka ɗaure, ƙwari su mutu don rashin iska, ba ɗigon magani. Ni ma shi nake amfani da shi, har ina yi wa ƙananan ƴan kasuwa wa'azi a kan feshi, ka ce wani waliyyi. Da ta ji ni da ta yi murmushin nan nata na gefen baki. Kwalabe marasa takarda kuwa suna nan a bakin iyaka, ba su ragu ba. Waya ta shiga hannun kowa, labarin da a da sai ya jira ranar kasuwa yanzu kafin ka kurkure baki ya kai Dungas. Ina jin da wannan ya fi komai tayar mata da hankali, ita da ta yi nadamar magana guda da ta faɗa kafin lokacinta.

A watan jiya wata ɗaliba daga jami'a a Damagaram ta zo Waca neman gidanmu. Ta ce a cikin sunayen waɗanda suka rubuta lojisiyel ɗin da suke aiki da shi ta ga sunan wata ƴar ƙasarmu, ta yi ta tambaya har aka kwatanta mata. Ta gaida Inna, wadda yanzu ba ta gani sosai, ta buɗe ordinatar ta nuna mana. Ta sa wani fayil da ba a faɗi iskarsa ba, sai tsarin ya tsaya cik, jan rubutu ya fito. Ta ce ɗalibai suna jin haushin wannan gargaɗi, har suna kiransa tsohuwa mai mita, amma ya sha ceton su daga jin kunya. Ta ce yanzu ordinatar har hasashen CCS take yi wa sinadarin da ba a taɓa aunawa ba, sai dai tsarin ba ya yarda a haɗa na hasashe da na awo a layi ɗaya ba tare da alama ba, kuma wannan ƙa'ida daga gyaran Habsu ta samo asali. Inna ta shafa allon da tafin hannu, ta ce, “Ita ce. Haka take tun tana goye.” Yarinyar ta tambaye ni ko na san abin da ya sa Dokta ta dage a kan wannan gyara haka. Na ce ban sani ba. Da na raka ta tasha na dawo, na kasa cin abinci.

Habsu ba ta bar ɗa ba, ba ta gina gida ba, kayanta duka akwati biyu ne da littattafai. Na daɗe ina ganin kamar ilimin nan nata ya tafi a banza, tunda ko na'urar ba ta taɓa zuwa ƙasarmu a zamaninta ba. Yanzu na san a wurare da ban taɓa jin sunansu ba, akwai mutanen da ba su san fuskarta ba, waɗanda kullum take tsayar da su ta ce su dakata su duba kafin su kira abu da sunan da ba nasa ba. Su ta gyara su da ƴan layukan rubutu. Ni da muka sha nono ɗaya na fi na'ura taurin kai.

Ranar kasuwar Guci da ta wuce na je. Na tsaya a layin masu hatsi, daidai inda ake auna wake, na ɗaga murya na faɗi komai: feshin, da ƙaryar, da yadda na jingina ta ga sunan yayata. Na karanta takardar daga sama har ƙasa. Matasa suka tsaya suna kallona, yawancinsu ba su san zancen ba, sunan kawai suka tarar ana kiran tsohon da shi. Wasu dattawa suka sunkuyar da kai. Wata mata ta ce, “Amma dai ka cuci bawan Allah,” ban musa ba. Da yawa daga waɗanda na faɗa wa ƙaryar tun farko sun riga mu gidan gaskiya, da ita suka tafi.

Baba Ilu yana zaune a rumfar da ya saba, a kan buzu, da ƴar tasar wake a gabansa. Kunnensa ya yi nauyi yanzu. Ya tambayi ɗiyarsa Zuwaira me ɗan Isufu yake ta ihu a kai, ta sunkuya ta faɗa masa a kunne. Ya ce a ce mini in shigo inuwa, rana ta yi zafi. Na durƙusa a gabansa, na fara neman gafara, ya ɗaga mini hannu. Ya laluba aljihun taguwarsa ya fito da jakar fatar da yake ajiye katin shaidarsa, ya zaro wata takarda da ta yi laushi don ninki. Tun kafin ya warware ta na gane rubutun da ke ƙasanta.

Ya ce, “Ranar da ta zo mini sallama ta kawo mini. Ta ce in ba ka lokaci zuwa shuka, in ba ka zo ba in sa a karanta a kasuwa. Duk ranar kasuwa da ita nake zuwa.”

Na ce, “Baba, shekara tara fa. Me ya hana ka?”

Ya ce, “In ni na sa aka karanta, na wanku, ɗan Isufu ya ƙazantu har abada. In kai ka faɗa da bakinka, mu biyu mun fita. Na ce bari in ƙara mako guda.”

Na zauna a ƙasa, ni da furfurata, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Da na natsu ya sa aka yi wa Habsu fatiha, duk layin masu hatsi suka ɗaga hannu. Allah ya haskaka makwancinta, ya yafe mata gaggawar nan guda da ta yi ta jin kunyarta, ya yafe wa wanda ya yi jinkiri. Da zan tashi na miƙa hannu in karɓi takardar, na ce ai yanzu ta gama aikinta. Ya mayar da ita cikin jakar, ya ja zaren ya ɗaure.

Ya ce, “Kana da taka. Wannan bar mini, rubutun hannun ɗiyata ne.”